Kawo Min Ita Yadda Take

Duk wanda motarsa ta taɓa lotsewa ya kai ta layin masu gyara, to ya san dokar Baba Guduma ko da bai riƙe fuskarsa ba: kada ka taɓa, kawo min ita yadda take. Ka zo masa da ƙofar da babbar mota ta murƙushe kamar takarda, zai tarbe ka da fara'a, har benci ya share maka. Amma ka kuskura ka zo da ɗan lotsin da bai kai tafin hannu ba, alhali ka riga ka sa dutse ka bubbuga ta ciki wai kana rage masa aiki, to ranar sai ka gwammace zagi. Zai lumshe ido ya shafa wurin da tafin hannu, a hankali, sannan ya buɗe ya dube ka.

"Wa ya taɓa ta?"

In ka ce babu, sai ya sake shafawa ya sake tambaya, har sai ka gaji ka amsa laifinka. Daga nan karatu ya fara. Lotsin hatsari, in ji shi, ƙarfe ne ya kauce daga mazauninsa kuma yana son komawa, lallashi kawai yake jira. Wanda ka ƙara masa da hannunka kuwa miƙar da ƙarfen ka yi, ka ɓatar masa da hanyar gida. 'Ya'yansa sun haddace wannan karatu tun kafin su haddace ɗaya da ɗaya biyu.

Bai fara da mota ba. Yana saurayi ya zauna gaban wani tsoho mai gyaran bokitai da tukwane, a can ya koyi sauraron ƙarfe, don shi har gobe ya fi yarda da kunnensa a kan idonsa. Da ya koma gareji sai ya tafi da wannan kunnen, ya kafa rumfar kwano tsakanin Mai Fenti da Mai Faci, ya shekara arba'in da ɗoriya yana ƙwanƙwasa. Dukiyarsa duka tana cikin wani koren akwatin ƙarfe: guduma mai faffaɗan kai, mai zagayayyen kai, mai tsini, ta roba, ta katako, da dunƙulallun ƙarafan da ake tokarawa ta baya in ana bugu ta gaba. Daga cikin akwatin nan aka gina gida ɗaki bayan ɗaki, daga cikinsa yara suka yi makaranta, har Auta ta zama malamar firamare mai muryar da ke tsayar da aji guda cak. Ba mutum ne mai yawon majalisa ba. In ka raba shi da guduma, to bai san inda zai ajiye hannayensa ba.

Ciwon ya shigo ne kamar wasa, a gwiwar hannun dama, ta waje, daidai ɗan ƙashin nan da ya turo. Da farko sai ya yi aiki mai nauyi yake ji. Daga baya murɗa makulli ma ya zama aiki, in wani mai ƙarfi ya ba shi hannu a gaisa sai ya ji har cikin haƙoransa. Ya shafa man zafi har rumfar ta ɗauki wari, ya ɗaure da tsumma, ya sha ƙwayoyin kemis kala-kala, aka yi masa allura a wurin ya samu sauƙin 'yan watanni, ciwo ya dawo da ƙannensa. Duk wannan a ɓoye, don Baba Guduma yana ganin namiji ya ce hannunsa na ciwo kamar ya ce a zo a rufe shagonsa ne.

Butar shayi ce ta tona masa asiri. Tsohuwar buta ce ta ƙarfe, shi ya saya wa Innar yara shekarar da ta tare, kuma duk safiyar duniya shi ke ɗaga ta ya zuba wa kansa. Ran nan ya ɗaga ta cike, hannun ya ce bai san zancen ba, ya saki. Buta ta daki siminti, shayi ya malale har ƙarƙashin tabarma, gefenta ya lotse ya shige ciki. Inna ta ɗauka ta juya ta, ta dubi lotsin, ta dubi hannun da yake ƙoƙarin ɓoyewa a bayan cinya. Ta shige da ita ɗaki. Washegari sabon fulas ya gani a kan tabarma. Ya ɗauka ta jefar da butar, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Kafin mako ya zagayo an yi masa taron dangi a tsakar gida, babban ɗansa ta waya, Auta a tsaye da hannu a ƙugu. Babban ya ce Baba ya huta haka nan, su ai sun isa su riƙe gida. Baba ya ce hutu na kabari ne. Aka ja, aka ja, sai Auta ta kawo tsakiya. Ta ce a sashen gashin ƙashi na asibiti akwai wata na'ura da ake yi wa irin wannan tsohon ciwon jijiya da ita, wata abokiyar aikinta da dunduniya ta hana ta tsayuwa a aji ta samu sauƙi a can.

"Baba, ga sharaɗi. Za a gwada maka. Kafin a gama, ba kai ba guduma, akwatin ma ni zan riƙe makullinsa. In hannu ya warke, likita ta ce ka koma, da kaina zan buɗe maka. In bai yi ba, ka haƙura da sana'ar nan har abada. Ka yarda?"

Ya dubi Inna ko za ta sa baki, ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Ransa ya ɓaci, ya ƙudurta a zuciyarsa cewa ita ma so take ya zauna a gida. Ya ce ya yarda. Da yamma Auta ta bi shi har rumfa, ta danna wa koren akwatin sabon kwaɗo a gaban Mai Fenti da Mai Faci, ta jefa makullin cikin jakarta.

Ranar farko ya shiga ɗakin gashin ƙashin, fuska a murtuke, kamar wanda aka kai kotu. Ɗaki ne mai farin labule da gado siriri, a gefe wata na'ura a kan teburi mai tayoyi, tiyo ya fito daga jikinta ya ƙare a wani abu mai kama da tocila. Likitar, wata matashiya mai tabarau da sanyin murya, ta sa ya miƙa hannu a kan matashi, ta dinga latsawa da babban yatsa har ta kai inda ya zabura.

"Yawwa, nan ne. Baba, jijiyar da ke ɗaure tsokar nan da ƙashi ce ta gaji. Ta ji rauni ta fara warkewa, aiki ya sake fama ta, har jiki ya gaji ya daina gyaran wurin. Na'urar nan bugu take aikawa ciki, a jere, don ta tashi jikin daga barci, jini ya ƙara zuwa, gyara ya ci gaba. Ba yanka, ba allura. Amma akwai ɗan zafi, in ya yi yawa ka faɗa min in rage."

Ta shafa masa wani mai mai sanyi da yauƙi, ta ɗora kan tocilar, ta taka wani abu da ƙafa. Sai na'ura ta ɗauka: tas-tas-tas-tas-tas.

Wayyo, zo ka ga Baba Guduma. Zafin ya ratsa shi har ɗan yatsa, ƙafarsa ta hau rawa a kan gado, lallai wanzami ba ya son jarfa. Amma ba zafin ne ya buɗe masa baki ba, ƙarar ce. Ya kasa kunne, ya ji wani ɗan inji na numfashi a cikin akwatin na'urar, ya bi tiyon da kallo, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a baƙon gari.

"Likita, wannan ai da iska take aiki."

"Da iska ne, Baba."

"Ikon Allah. Auta, kin ji? Guduma ce. Shekara arba'in ina buga wa mutane motoci, yau ga ni an kwantar ana buge min lotsa."

Likita ta yi dariya har tabarau ɗinta ya zamo. Cikin 'yan mintoci aka gama, ta goge man. Ya sauko, ya dunƙule hannu ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Babu ciwo. Ya kama kujerar ƙarfen da Auta ta tashi a kai ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, yana dariya kamar yaro. Likita ta yi maza ta karɓe kujerar. Ta ce wannan sauƙin na yau ne kawai, bugun ne ya sa wurin ya yi sanyi, anjima ko gobe zai ji tsami. Warkewar gaske sai a hankali, makonni ma, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Kada ya ɗauki nauyi, kada ya sha ƙwayoyin kashe kumburin nan da ya saba, ya dawo mako mai zuwa. Baba yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to, amma rabin maganar ta bi iska, hankalinsa na kan tiyo.

Kafin la'asar babu wanda bai ji labari ba a layin masu gyara. Dama ba a hana shi zuwa rumfa ba, aiki aka hana shi, don haka ya zauna a benci ya buɗe majalisa. Ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa, ya nuna yadda ƙafarsa ta yi rawa, ya ce wallahi masu ilmin nan sun sha wahalar karatu ne kawai suka zagayo suka dawo kan sana'arsa. Mai Faci, wanda dunduniya ke damunsa shi ma, ya matso yana tambaya. Mai Fenti ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa ciwo duka ya warke ba, in ba jaki ba.

A zuwa na biyu Baba bai kula da zafi ba sam, tambayoyi ya zo da su. Mene ne a cikin tocilar? Likita, da ta ga tsoho mai son sani, ta bayyana masa da zuciya ɗaya: bututu ne, a ciki akwai ɗan guntun ƙarfe, iska ke cilla shi ya daki murfin da ke kan fata, bugun ya ratsa cikin nama. Baba ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce a taƙaice dai shi ke nan. Ya fito asibitin yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarsa.

Ga lissafin da ya yi a hanya, kuma a ganinsa babu ƙofar da kuskure zai shigo. Abin da ke gyara hannun bugu ne. Bugun nan sau ɗaya ake yi a mako, na 'yan mintoci, ba don komai ba sai don layi ya yi wa likita yawa. Wane mai gyara ne zai buga lotsa sau biyar ya ce wa mai mota ya dawo mako mai zuwa? In ana yi kullum, aikin wata biyu ya zama na kwana goma, makulli ya fito daga jakar Auta. Kuma gudumar iska, wadda ake sare tsohon walda da ita, ba ta cikin koren akwati. Tana nan rataye a rumfar Mai Fenti, kusa da injin iskar da yake fesa fenti da shi. Abin nema ya samu.

Mai Fenti ya so ya ƙi. Ya ce, "Guduma, ka rufa min asiri, 'yarka malamar makaranta ce, ni ba na son a tsayar da ni a gaban allo." Amma wa ya isa ya ja da Baba in ya hau dokin zance? Ya zana musu bututun da ɗan ƙarfen a ƙasa da tsinke, ya nuna musu cewa abu ɗaya ne, bambancin farin fenti ne kawai. Mai Faci ya yanko robar tsohon tub na taya ya naɗe kan wani dakusasshen ƙarfe ninki uku, ya ɗaure tamau. Aka rage iska har ƙasa. Man asibiti mai yauƙi babu, sai aka lakato giris, wai ai duk santsi ne. Baba ya naɗe hannun riga, ya ɗora gwiwar hannu a kan tsohuwar taya, ya nuna wa Mai Fenti wurin da alli.

Ƙarar ba tas-tas ta yi ba, gur-gur-gur ta yi, har haƙoransa suka haɗu. Ya cije ya ce a ci gaba, haka na asibiti ma yake da zafi. Da aka ɗaga, hannun ya mutu murus, ba ya jin komai. Baba ya miƙe yana juya shi a sama.

"Kun gani? Irin sanyin da na ji ran nan ke nan, har ya fi. Mai Faci, kawo dunduniyar."

Mai Faci ya ja ƙafarsa ƙarƙashin benci ya ce shi ba ya gaggawa, bari dai a ga yadda na Baba zai kwana. Washegari aka sake, rana ta uku ma aka sake, Baba har yana tunanin in ya warke zai sayi farin labule ya raba rumfar biyu.

A rana ta huɗu ya tashi da gwiwar hannu kamar an cusa mata lemo. Fatar ta yi baƙi-baƙi da ja, ɗan ƙaramin yatsa yana masa zogi, hannun ya ƙi lanƙwashewa ya kai loma baki. Ya zura riga mai dogon hannu, ya ce wa Inna yau ba ya jin yunwa. Ta dubi hannun rigar, ta dube shi, ta ɗauke kwanon. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da mota ta zame daga jak ta kusa danne shi. Garin neman gira, ga shi yana shirin rasa ido.

Ranar komawa asibiti Auta ta zo ta ɗauke shi kamar kullum. Likita ta naɗe hannun rigar, ta ga kumburin. Ta juya ta duba na'urarta, ta duba abin da ta saita a makon jiya, ta tambaye shi ko yana shan maganin tsinka jini, ya ce a'a. Ko ya faɗi? A'a. Muryarta ta canza.

"Ban taɓa ganin ta yi wa mutum haka ba. Ɗan ja ko ɗan kumburi, e, amma ba wannan ba. Ko ni ce na ƙara ƙarfin fiye da yadda jikinka zai ɗauka? Baba, ka yi haƙuri. In haka jikinka ke amsawa, dole mu dakatar da wannan magani gaba ɗaya."

Auta ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗora hannu a kan jakarta, daidai inda makullin yake. Ba murna take ba, idonta ya ciko. Baba ya ga hanya biyu a gabansa, kowace da ƙaya. In ya yi shiru, mutuncinsa na nan, laifi ya hau kan na'ura da wannan baiwar Allah, shi kuma ya yi sallama da guduma har abada. In ya yi magana, 'yar cikinsa za ta ji abin da ubanta ya aikata da giris da robar tub. 

Likita dai ba ta saki hannun ba. Ta lumshe ido tana bin kumburin da yatsu, a hankali, daga sama zuwa ƙasa, ta zagaya ta baya inda ita ba ta taɓa ɗora na'urarta ba. Sannan ta buɗe ido ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, wa ya taɓa wurin nan?"

Auta ta ɗago kai da sauri. Tambayar da ta tashi tana ji ke nan tun tana kai wa ubanta abinci rumfa, kuma ta san yadda fuskar marar gaskiya take in an yi masa ita. Yau ga fuskar a jikin ubanta, mai yi wa wasu tambayar. Baba ya dubi silin, ya dubi labule, babu mafita.

"Ni ne," in ji shi. "Da Mai Fenti. Amma mun rage iskar."

Ya kwashe duka ya faɗa, har allin, har labulen da ya so saya. Likita ta toshe baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa. Auta kuwa dariya da kuka suka haɗe mata, ta ce, "Baba, kai? Kai da kake korar mutane saboda sun sa dutse? Kada ka taɓa, kawo min ita yadda take. Ashe dokar ta motocin mutane ce kawai?" 

Da likita ta natsu sai ta yi masa magana ba wasa. Ta ce gaskiya ne da iska suke aiki su biyun, amma tata an auna ƙarfinta daidai naman mutum, kuma ta san inda za ta ɗora da inda ba a ɗorawa, don a bayan gwiwar nan akwai jijiyar da ke kai ji ga yatsu, ya yi sa'a bai kashe ta ba. Mako gudan da yake gani ɓata lokaci ne kuwa, ba layi ne ya jawo shi ba.

"Bugun ba shi ne gyaran ba, Baba. Bugun kira ne kawai. Gyaran kuwa, jikinka ne ke yin sa a kwanakin da ba a taɓa wurin. Kai ka hana shi sakat."

Ta tura shi hoto, aka ga ƙashi bai tsage ba. Ta ce sai kumburi ya sauka tas sannan a fara daga farko, kuma ba ta yi masa alkawarin komai ba.

A gida Auta ta ce sharaɗi ya karye, tunda Baba ya taɓa guduma, ko ta iska ce ko ta ruwa. Babban ya goyi bayanta ta waya. Baba na zaune ya sunkuyar da kai, ya riga ya sallama. Sai Inna, wadda ba ta sa baki ba tun farkon maganar, ta ajiye tsintsiya.

"Cewa kuka yi in magani bai yi ba. Maganin ai ba a bar shi ya yi ba tukuna. Ku bar makulli inda yake, ku bar mutum ya gama."

Aka bar makulli a jakar Auta. Baba ya saci kallonta, ya rasa gane inda ta dosa.

Makonnin da suka biyo baya su ne aiki mafi wuya da ya taɓa yi, don aikin shi ne kada ya yi komai. Mai Fenti ya kai gudumar iska gidansa ya ɓoye. Mai Faci kullum sai ya tambaye shi yaushe zai buɗe asibitinsa na rumfa, yana da marasa lafiya a ƙasa. Baba ya shanye. Kumburi ya sauka, aka koma tas-tas-tas mako-mako, yanzu ba ya tambayar abin da ke cikin tocila. Likita ta ba shi motsa hannu: ya ɗora damtse a kan cinya, ya riƙe ƙaramar gorar ruwa, ya sauke wuyan hannu a hankali, ya ɗago da taimakon ɗayan. Mutumin da ke daga ƙofar mota shi kaɗai, ga shi a benci yana lallaɓa gorar ruwa, masu wucewa na yi masa sannu da aiki. Har aka gama zuwa asibitin ciwon bai tafi duka ba, ya dai ja da baya. Likita ta ce ya ci gaba da gorarsa, ya ƙara haƙuri, sau da yawa sauƙin a baya yake zuwa.

Wata safiya wani direba, ƙato mai hannu kamar faranti, ya zo gaishe shi ya damƙi hannunsa ya girgiza da ƙarfi. Sai da mutumin ya yi nisa Baba ya tuna bai cije baki ba. Ya bi shi da sauri ya ce ya dawo su sake gaisawa. Suka sake. Ya shiga rumfar Mai Fenti ya gaisa da shi, ya gaisa da Mai Faci sau biyu, ya murɗa famfon bakin layi ya rufe ya sake murɗawa har mai famfon ya fito. Ranar duk wanda ya ratsa layin sai da ya sha hannu.

Likita ta gwada shi, ta latsa, ta sa ya tura hannunta, ta ce to. Ƙaramar guduma kawai, aiki kaɗan a huta, manyan ayyuka a bar wa wasu tukuna, in ya ji ciwo ya tsaya. Baba ya ce ko cokali ta ce ya riƙe ya gode.

Auta ta cika alkawari. Da hantsi ta zo rumfa, Mai Fenti da Mai Faci tsaye kamar shaidu, ta buɗe kwaɗon da kanta. Ya durƙusa ya ɗauko 'yar ƙaramar mai zagayayyen kai, ya juya ta a tafinsa, ya goge ƙurar da gefen riga. Sai dai babu abin bugawa, don masu motoci sun daɗe da komawa wani wuri. Yana cikin waige-waige ko zai samu tsohon murfin taya, sai ga Inna ta shigo layin, ita da rabonta da garejin tun yara na ƙanana. Tana riƙe da wani abu ƙunshe a tsohon zane. Ta ajiye a kan bencinsa ta kwance.

Butar shayin ce, an wanke ta tas tana ƙyalli, lotsin na nan a gefenta yadda siminti ya bar shi.

"Mai gyaran tukwane ya zo ƙofar gida har sau nawa, na ce a'a. Babban ma da ya zo gida ya so ya tura ta da muciya, na ƙwace. Ga ta nan yadda take, Malam. Ba wanda ya taɓa."

Baba ya ɗauki butar. Ya lumshe ido ya shafa lotsin da tafin hannu kamar yadda ya saba, ya daɗe yana shafawa fiye da yadda aikin ke buƙata, don ba ya son ya buɗe idon a gaban Mai Faci. Ashe duk watannin nan da yake zaton so take ya zauna, ita aiki ta ajiye masa.

Ya ce wa Auta ta matsa tana tare masa haske. Ya cire murfin, ya zura ƙaramin dunƙulen ƙarfe ta ciki ya tokare, ya kasa kunne, ya fara ƙwanƙwasawa daga bakin lotsin a hankali. Inna ta gyara mayafi ta zauna a bencin masu jira.